Takardun da Na Sayar wa Yadamma

Yakutpura, Haidarabad
Laraba, sha ɗaya ga watan Sha'aban

Zuwa ga ɗana Shuja'uddin, can Maskat,

Aminci da rahamar Allah su riske ka a duk inda takardar nan ta same ka, ko kana kan keken ɗinki ne ko kana hutawa. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sanyaya maka zafin ƙasar can, Ya raba ka da ciwon bayan da ka ce yana damunka. Mu nan muna cikin alheri. Mahaifiyarka tana nan da ciwon gwiwarta, bakinta kuwa lafiya lau. Matarka Nikhat tana lafiya, ƙanwarka ta sauka a Nizamabad, an sami namiji. In ka ga rubutuna ya karkace, kada ka ce makarantar daren da na shiga da furfura ce ba ta zauna ba. Haƙarƙarina biyu ne a ɗaure, sai na jingina da bango nake rubutu.

Albishirin ka riga ka ji shi ta waya: 'yarka Tahniyat ta ci jarrabawarta. Ni tun ranar bakina bai rufu ba, na yi murna har likita ya ce in rage dariya don ƙashi ya samu ya haɗe. Amma akwai abin da ba ka ji ba, kuma ni na hana a gaya maka. Mako uku ke nan ana ce maka idon wayar ya lalace, sai dai murya. Wayar lafiyarta ƙalau, fuskokinmu ne ba su ganuwa. Na zaɓi takarda domin ita ba a katse ta da ihu. Ka nemi wuri ka zauna, ka karanta har ƙarshe kafin ka ɗauki waya ko ka tafi neman tikiti.

Ka san karatun da take zuwa yi a Amirpet wata bakwai ke nan. Yadda na fahimta, likita a can Amurka zai duba mara lafiya ya rubuta abin da ya gani da abin da ya yi, sai a turo rubutun nan, ita kuma ta karanta ta ba kowace cuta lambarta, kowane aikin likita lambarsa, domin kamfanin inshora ba ya jin labari, lamba yake ji. Lambobin dubbai ne, ba mai haddace su. Abin da ake koya shi ne yadda za ka zaƙulo su da sauri daga littattafai uku, kowanne kaurinsa kamar tubali. Ranar jarrabawa da littattafanka kake shiga, waɗanda ka yi watanni kana manna musu 'yan alamu masu launi a gefe, kana rubuta tunasarwa da fensir a kowane shafi. Ta ce mini in aka ba ta sababbi a ranar, kamar an kai makaho gidan da bai taɓa shiga ba ne.

Malamarsu tana ba su takardun gwaji, an buga su sak irin na asibiti, sai dai gurbin sunan mara lafiya a buɗe yake. Ta kuma ba su shawara, wai in suna son cuta ta zauna musu a ka, su ɗora mata fuskar wani da suka sani. To nan fa ni tsohon banza na shigo. Bayan la'asar mukan zauna a barandar sama da shayi, ta ce Dada ga basir, wa za mu ba, in ce a ba mai kantin turare tunda bai taɓa zama daidai a kan kujera ba. Mantuwa muka ba kakarta, ciwon sukari muka ba mai shayi. Da aka zo kan tarin fuka na ce wannan ai ta Dastagir mahauci ce, mutumin da tarin tabarsa ke tashin unguwa kafin ladan. Ta ce Dada wannan ba cutar wasa ba ce. Na ce wa zai gani. Ta rubuta sunansa, da na ubansa, da layinsu, domin an koya musu cewa barin gurbi a buɗe kuskure ne babba a aikinsu. Muka yi ta dariya. Baki dai shi ke yanka wuya.

Sai mahaifiyarka ta tashi sharar gida kafin azumi. Yarinya tana makaranta, na ga tarin takardu a ƙarƙashin gado, na tambayi Nikhat ta ce ai an gama da waɗannan. Urdu aka koya mini, Turanci a wurina ƙafar kaza ce. Na ɗaure su da igiya na kai wa Yadamma, matar nan mai soya bajji, barkonon da ake tsomawa a ƙullu, a bakin layi, wadda ke sayen tsofaffin takardu a kan sikeli tana naɗe wa mutane suyarta. Har ta ba ni barkono biyu masu zafi gyara, na ci ina tafe ina yabon kaina.

Kwana biyu duk wanda ya sayi bajji a Yakutpura sai ya tafi gida da cutar maƙwabcinsa. Na mai turare aka yi dariya ya wuce. Amma wani ɗan kwaleji ya buɗe nasa ƙunshin ya ga sunan Dastagir da tarin fuka a takarda mai kama da ta asibiti, ya ɗauki hotonta da waya ya tura wa jama'ar unguwa. Ran Talata mata suka daina zuwa shagonsa. Ran Laraba gidan abincin da ke karɓar namansa na shinkafar biryani shekara ashirin ya dawo masa da awaki huɗu a feɗe, suka rataye a ƙugiya har suka yi kore, ƙudaje suka rufe su. Surukarsa ta kwashe jikokinsa ta tafi gidansu. Mu duk ba mu sani ba, domin wa zai zo ya gaya wa gidan da abin ya fito?

Ran Alhamis bayan azahar, saura kwana uku jarrabawa, Dastagir ya fito da 'ya'yansa biyu, Jabbar da ƙanensa. Wurin Yadamma suka fara. Ya shaƙe ta da gefen zaninta yana tambayar inda ta samo takardun, tana cewa Dastagir yaya ka sake ni, ni ko sunana ban iya karantawa ba. Jabbar ya sa ƙafa ya ture teburin. Kaskon mai yana tafasa, ya kife mata a ƙafar dama tun daga gwiwa har idon sawu. Ihunta na ji daga tsakar gida, na ɗauka mota ce ta take kare. An ce fatar ta saɓule a hannun matan da suka cire mata zani. Cikin wannan azaba ta faɗi sunana, kuma ban ga laifinta ba ko kaɗan.

Ƙofarmu ba su ƙwanƙwasa ba, da kafaɗa suka ɓalle ta. Na taso ina cewa lafiya, Dastagir ya manna mini takardar nan mai maiƙo a fuska, ya kira ni Chicha, wato baffa, ya ce kai mai gyaran keke da ka yi boko da tsufa, karanta mini, yaushe ka zama likita, ko a cikin tayar keke ka hango huhuna? Kafin in buɗe baki ya kwaɗa mini mari da hannun nan nasa mai sarar ƙashi. Haƙorana biyu suka faɗo, na tofar da su da jini a kan tabarmar salla. Na faɗi, ƙanen Jabbar ya bi ni da takalmi a haƙarƙari, sau uku na ƙirga, na huɗun ban san an yi ba. Mahaifiyarka ta rarrafo tana tsine musu tun daga kakansu na bakwai, aka hankaɗe ta ta bugu da randa, randar ta fashe, ruwa ya malale tsakar gida ya gauraya da jinina.

Ba mu suka zo nema ba, takardu suka zo nema. Dastagir yana ihu wai a fito masa da duk asibitin da ke gidan nan, yau zai sallami marasa lafiya gaba ɗaya. Jabbar ya hau sama ya riƙa jefo komai ta baranda, littattafan rubutu, jaka, takardun gwajin da suka rage. Sai na ga manyan littattafan nan uku sun faɗo ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ƙararsa kamar an yar da buhu, 'yan alamun nan masu launi suna tashi a iska. Suka tara su a tsakiya, suka ɗauko kananzirin Nikhat daga kicin suka tuttula, Dastagir ya kyasta ashanar tabarsa.

Shuja, 'yarka ba irinmu ba ce. Ta sauko ba mayafi, ba ta yi kuka ba, ba ta roƙi kowa ba. Ta shiga wutar nan da ƙafa ta ture takardun da suka kama, ta kwanta a kan littattafan uku ta rungume su, tana kashe wutar gefensu da cikinta da tafin hannu. Jabbar ya kama gashinta ya ja, har ya tafi da damƙi guda a hannunsa, ba ta saki ba. Ya ce ke likitar bajji, tashi ko in haɗa da ke. Ta ce masa ya haɗa. Sai ya ɗaga sandan ƙarfen da suke rataye nama ya sauke mata a hannun hagu. Na yi shekara arba'in ina jin ƙarfe yana karyewa a shagona na gyaran keke, ban taɓa jin ƙara irin wannan ba.

Ban san yadda na miƙe ba. Ƙarfen cire taya yana nan inda nake ajiye shi a bayan ƙofa, na same shi a hannuna. Ya ɗaga sandan zai ƙara, na sauke masa nawa a wuyan hannu, sandan ya yi tsalle, na ƙara masa a goshi, fatar ta tsage jini ya rufe masa ido, ya durƙusa yana kiran uwarsa. Allah Ya yafe mini, a lokacin da zan samu na uku da na ba shi. Nikhat, matarka mai kunyar nan da ba a jin muryarta, ta fito da gwangwanin garin barkono ta watsa wa ƙaramin a fuska da hannu biyu, ya yi ta birgima cikin ruwan randa yana cewa ya makance, ta bi shi da taɓarya tana cewa gobe ma ka shigo gidan mutane, ɗan mai wanke hanji. Dastagir ya ga jinin ɗansa, ya zaro addarsa daga ƙugu ya nufo ni. Na yi kalmar shahada, domin ba ni da sauran numfashin gudu.

Hayaƙin wutar da ya kunna da barkonon Nikhat ne suka shige masa maƙogwaro. Tari ya turnuƙe shi, irin nasa na kullum, ya sunkuya yana yi adda na rawa a hannunsa. A lokacin ƙofarmu cike take da jama'a, mutanen da suka tsaya kallo ana karya yarinya ba wanda ya motsa. Amma da suka ji tarin nan sai suka ja baya gaba ɗaya, maza suka toshe hanci da hula, mata suka ja mayafi suka janye yara. Ya ɗago ya gan su. Mutanen da suka ci naman hannunsa tun suna goye. Sai addar ta faɗi, ya zauna daɓas cikin caɓin nan ya rufe fuska yana kuka kamar yaro, yana cewa Chicha me na yi maka, me na taɓa yi maka. Ɗana, duk dukan da na sha bai kai wannan tambaya ciwo ba.

Asibiti ɗaya aka kwashe mu duka, aka jera mu a benci ɗaya, ga Yadamma a ciki tana nishi. Aka ɗinke goshin Jabbar, aka sa wa hannunsa filastar ɗorin karaya, aka sa wa na Tahniyat, aka shafe mata tafin hannu da magani. Ɗan sanda ya zo da littafinsa ya ce a shigar da ƙara, kuma duk abin da aka ƙona sai ya tafi da shi ofis a matsayin shaida, sai an gama shari'a a karɓa. Tahniyat tana zaune da littattafan a cinya, don ta ƙi barinsu a gida. Ta dube ni kawai. Na ce wa ɗan sanda ranka ya daɗe, mu ba mu da ƙara, rikicin maƙwabta ne. Ya ce tsoho, haƙoranka ma rikicin maƙwabta ne? Na ce dama sun daɗe suna neman tafiya. Ya juya ga Dastagir, shi ma ya ce ba shi da ƙara a kan goshin ɗansa. Maganar Yadamma kuwa tana hannunta, ta ce sai ta ga yadda za a yi da ita kafin ta yanke.

Kafin mu bar wurin Tahniyat ta aika Nikhat ta gaya wa Dastagir, tunda ga shi a asibiti, ya nemi a ɗauki hoton ƙirjinsa a gwada kakinsa, a ba shi takarda ta gaske mai hatimi. Ya yi. Ba shi da komai sai dattin taba. Washegari Juma'a na sa aka tallabe ni zuwa masallaci, bayan sallama na roƙi liman ya ba ni lasifika. Na gaya wa jama'a takardar nan ba ta asibiti ba ce, wasa ne na tsohon da ya rasa aikin yi, ni na faɗi sunan, ni na sayar da takardun, wanda zai tofa ya tofa a kaina. Mai turare daga baya ya ce to nasa basir ɗin fa, shi ma a janye shi, masallaci ya kwashe da dariya har liman. Dastagir bai yi dariya ba.

Biyu daga cikin littattafan gefensu kawai ya babbake. Na ukun, na cututtuka, bangonsa ya ƙone, shafuka kusan ɗari suka ɓalle daga gindi, kuma doka ta ce ba a shiga da takarda sakakkiya ko guda. Ran Asabar tun hantsi na zauna da basilla da zaren ɗinkin sirdin keke, ita tana jera mini shafuka da hannu ɗaya tana duba lamba, ni ina hudawa ina ja, kowane ja sai haƙarƙarina ya amsa. Kafin magariba littafi ya tsaya, mummuna kamar fuskata, amma ba shafin da ke faɗuwa.

Ran Lahadi na raka ta a babur mai ƙafa uku, duk ramin da direba ya faɗa sai mu yi salati tare. Mai duba littattafai a ƙofa ta ɗaga namu ta girgiza, ta shinshina, ta bi ɗinkin da yatsa, ta dubi filasta, ta kira wani babba. Suka yi ta magana da Turanci. Babban ya buɗe tsakiya ya ja shafi da ƙarfi, zarena ya riƙe. Ya miƙa mata. Awa huɗu ta yi a ciki, tambaya ɗari, tana danne littafi da filasta tana juya shafi da yatsun da suka ƙone. Da ta fito bandejin ya jiƙe da jini, ta ce Dada guda shida ban kai kansu ba. Na ce Allah Ya kai.

Kwana tara muka jira. Ran da saƙo ya shigo wayarta ta duba, sai ta miƙa wa uwarta. Saba'in ake nema, ta sami saba'in da huɗu. Na fita layi ba hula ba takalmi ina gaya wa duk wanda na gani, har akuyar maƙwabta. Ƙafata ta kai ni shagon Dastagir. Takardar hatimin tana manne a bango, masu saye uku ne kacal a inda da ake layi. Na tsaya na ce masa yarinyar ta ci. Bai ɗago ba, ya ci gaba da sara har ya gama cinyar da ke gabansa. Sannan ya ce in gaya mata Allah Ya sa albarka, amma kada ta ƙara rubuta sunansa a kan komai, ko da katin bikinta ne.

Ga abin da nake so da kai. Kada ka zo, kada ka kira 'yan uwan Nikhat na unguwar Barkas, na san su kuma na san ka. An karya hannu an karya hannu, tsuntsun da ya ja ruwa kuwa shi ruwa ya doka. Yadamma ce kaɗai ba ta ja komai ba, kuma ita ce har yau ba ta taka ƙafarta ba. Ni da Dastagir muke ɗaukar jinyarta, kowa da ranarsa, ba ma haɗa ido. In za ka yi fushi, ka yi da ni, ina nan ba inda za ni.

Mahaifiyarka Bismilla Bi tana sa maka albarka, ta ce ka rage shan shayi. Nikhat tana gaishe ka. Ka gaida mini abokin ɗakinka Sarwar, da maigidanka Haji Mumtaz, da Faridu ɗan ƙanena in kun haɗu a masallaci. Tahniyat tana sumbatar hannunka. Wani kamfani ya kira ta ganawa ran Litinin, ta ce a gaya wa Abba da filastar za ta je.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri, bayan kumburin tawa ya sace.

Mahaifinka mai yi maka addu'a,
Gausuddin